Kwado a Ƙofar Mai Suma

Ƙungiyar masu aski ta unguwarmu ta garƙame wa mijina shago da kwado. Laifinsa, wai yana zuba wa mutane magani a ka ba da saninsu ba. Mutum uku ne suka kai ƙarar, kuma ukun nan da bakinsu suka roƙi maganin, ɗaya har da dafa masa gwiwa. Shi ya ce ba zai faɗa ba. To ni ba mai aski ba ce, zan faɗa.

Bari in fara da gaya muku ko wane ne shi, don wanda ya ji labarin a bakin titi zai ɗauka wani boka ne mai jakar ƙulle-ƙulle.

Mai Suma ake ce masa. Yara, manya, har surukarsa, wato tsohuwata, haka take kiransa. A wurin kawunsa ya koyi aski, kuma bai taɓa yin wata sana'a ba. Ina ajin ƙarshe a sakandare na kai ƙanena aski shagon kawun, na ga wani gashi baƙi wul ya cika madubi, sai daga baya na lura ashe akwai mutum a ƙarƙashinsa. Mataji na aljihunsa na baya kullum. Kafin ya taɓa kan kowa sai ya fara taje nasa. Da maganar aure ta taso tsohuwata ta ce, “Ke yanzu shi za ki aura ko sumar?” Na ce duka biyun, tunda ba a raba su.

Shagonsa ɗan ɗaki ne, tsakanin shagon tela da na mai gyaran waya. Kujera ɗaya, benci ɗaya, rediyo mai eriyar da aka ɗaure da zare, da manyan madubai biyu suna kallon juna, ɗaya a gaba ɗaya a baya. A saman ƙofa akwai allo da aka zana hotonsa yana saurayi, sumar nan ta kusa fita daga allon. Ba ya tambayar mutum irin askin da yake so, ya san kowane kai. Ya san mai kwari a ƙeya, ya san wanda kunnensa ɗaya ya fi ɗaya tudu, ya san yaron da sai an ba shi burushi ya riƙe sannan zai zauna. In ya gama, ya kaɗe gashi, ya shafa hoda, ya ɗauki kwalbar sifirit ya fesa, ya daki kafaɗar mutum ya ce, “Tashi, angon bana!” Ko ɗan shekara tamanin ne haka zai ce masa. Kuma ba a tashi daga kujerarsa ba a fesa ba. A wurinsa askin da ba a fesa ba, ba a gama shi ba.

Yana da doka ɗaya da ya gada daga kawun nasa: abin da ya gani a ƙarƙashin hular mutum, da abin da aka faɗa a kan kujera, a nan yake tsayawa. Mun haura shekara ashirin tare, ban taɓa jin wane ne mai makero ba, ban taɓa jin wane ne yake shafa dayis yana ɓoye furfura ba. Na sha zolayarsa. “Baban yara, wane kaza nan, gashinsa ne ko fenti?” Sai ya ce, “Miyar nan ta yi daɗi.”

To sai ga sumar ta fara tafiya. Ni na fara gani, a kan matashin kai da bakin magudanar banɗaki. Amma madubin baya ba ya rufa wa kowa asiri. Wani mutum sanƙo zai yi shekaru a tsakar kansa bai sani ba. Shi kuwa duk ɗagowar da zai yi daga kan wani, ga tsakar kansa tana leƙensa. Wata safiya sai na ga ya sa hula. Mutumin da ko ranar aurenmu sai da aka yi rigima da shi kafin ya yarda ya sa.

A bencin shagon akwai mutum uku da suka mayar da wurin ofis. Akwai Tela, maƙwabcinsa, wanda kansa ya daɗe da zama sulɓi, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Akwai Direba, da ya ajiye tuƙin babbar mota, yana shan maganin hawan jini. Akwai Hedimasta mai ritaya, da ba ya fita sai da jarida a hammata. Duk su ukun masu sanƙo ne, kuma duk sati sai sun zo an gyara musu ɗan abin da ya rage a gefe. Da suka ga hula, murna kamar an yi musu haihuwa.

“Mai Suma, ina sumar?”

“Ta je hutu.”

“Irin hutun da tawa ta je ne,” in ji Tela. “Har yau ko waya ba ta bugo ba.”

Hedimasta ya ce a kira mai zane ya gyara allon ƙofa, don doka ta hana tallar abin da babu shi a shago. Ya yi dariya tare da su, ya dawo gida ya kasa cin abinci.

Daga nan muka shiga zamanin gwaje-gwaje. Ruwan albasa. Tafarnuwa da man zaitun. Wata kwalba da ya saya a cikin mota wurin mai talla da lasifika, wadda wai tana maganin sanƙo da basir da ciwon baya. Ɗakinmu ya koma warin kicin. Ran nan na ɗauke matashina na ce, “Baban yara, ko ka je asibiti ka ga likitan fata, ko ka koma kwana wurin tukwane, can ne warinka zai samu 'yan uwa.”

Ni na raka shi. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi babbar 'yarmu da yawa ba. Ta ce ya cire hula. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana juya kawunan jama'a, ranar aka kama nasa aka juya, ya sandare kamar yaron da aka kawo askin fari. Ta buɗa gashin, ta haska, ta auna jininsa, ta tambayi lafiyar zuciyarsa da magungunan da yake sha.

“Mahaifinka fa, yana da sanƙo?”

“Allah ya jiƙansa, a kansa muke duba fuska in za mu makaranta.”

Ta yi dariya, ta rubuta masa abu biyu: ƙwaya da zai riƙa sha kullum, da wani ruwa da zai riƙa fesawa a tsakar kai safe da yamma. Ta yi bayani dalla-dalla, ina zaune. Ta ce da farko gashin zai iya ƙara zuba, kada ya tsorata. Ta ce sai an yi watanni kafin a ga wani abu, kuma in ya daina, abin da ya fito zai koma. Ta ce ya wanke hannu bayan ya shafa. Sannan ta dube shi ta ce, “Baba, wannan naka ne kai kaɗai. Na auna ka kafin na rubuta. Ba na rabawa ba ne.”

“To, likita,” in ji shi, har da russunawa.

Ya bi ƙa'ida, ban ƙwace masa wannan ba. Makonnin farko gashin ya yi ta zuba, ya riƙa zagaya gida yana cewa ni da likita mun haɗa baki mu ƙarasa shi. Na ce ya yi haƙuri. Can wata safiya ina shara na ji ana ƙwala mini kira daga bakin ƙofa, inda hasken rana yake faɗowa.

“Maman yara! Zo, zo ki shafa!”

Na shafa. Wani ɗan laushi-laushi kamar bayan ɗan tsako. Na ce, “Ikon Allah, an yi tsiro.” Ranar har rawa ya taka da tsintsiyata. Da tafiya ta yi tafiya tsiron ya yi baƙi, ya yi kauri, ya ajiye hula, mataji ya koma aljihun baya. Ba sumar allo ba ce, kada in yi ƙarya, amma madubin baya ya daina yi masa gwalo.

Matsalar daga feshin yamma ta fito. Ba ya tashi daga shago da wuri, sai ya ce bari ya riƙa tafiya da kwalbar. Ya ajiye ta a kan kantar shagon, gefen kwalbar sifirit. Mutum ukun nan kuwa tun ranar da aka cire hula dariyarsu ta ɗauke. Suna zaune a benci, idanunsu na kan tsakar kansa.

Na ce da bakinsu suka roƙa, kuma ba ji na yi a gari ba. Tela ni ya fara tarewa, a ƙofar shagonsa, da tef a wuya.

“Matarmu, ki sa baki mana. Ɗan fesawa ɗaya. Ni ma ina da mata, tana so ta shafa wani abu.”

Na ce, “Ka je asibiti, ƙofar a buɗe take.”

“Ni da girmana in je in cire wa yarinya hula?”

Direba waya ya bugo gida da safe muna karyawa, kuma shi Direba in yana waya, har maƙwabta suna ji. “Mai Suma, kada su Tela su sani. In na zo aski ka ɗan yi mini da waccan kwalbar, kamar sifirit kake fesawa.” Hedimasta kuwa da idona na gan shi. Na kawo abincin rana, shago ba kowa, na same shi a kan kujera ya karkato ya dafa gwiwar mijina yana cewa, “Don zumunci, ƙanena. Tsakanina da kai.” Da ya gan ni ya buɗe jarida a juye.

Na gargaɗi mijina a gida. Ya ce, “Haba, Maman yara, na ji abin da likita ta ce.” Ya ji ɗin. Amma ku duba mutumin da hannunsa ya saba, duk wanda ya zauna a kujera sai an fesa masa, ga abokinsa ya sunkuyar da kai yana jira, ga kwalba biyu a jere. Bai iya cewa a'a ba, ko a aljihu ko a kai. Haka ya riƙa yi musu ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana zaton shi kaɗai ne ɗan gata. Mutanen da suke zuwa aski sati-sati suka koma kullum suna da abin gyarawa. Ƙwayar dai bai ba kowa ba, nan Allah ya taimake mu.

Kwalba ta ƙare tun lokacinta bai yi ba. Ya je kemis, mai kemis ya ce sai da sabuwar takardar likita, kuma na gode masa. Komawa wurin likita kuma kunya ta hana shi, don ya san tambayar da za ta yi. Sai kawai ya daina fesawa, ni ban sani ba. Na dai ga matashin kai ya fara magana kuma.

Su kuwa 'yan gata, kowa ya samu rabonsa. Hedimasta fatar kansa ba ta karɓa ba, ta yi ja, ta feso da ƙuraje, ya riƙa susa da murfin biro. Direba ya fara jin jiri da bugun ƙirji, har ɗansa ya kai shi asibiti, aka ce me ya ƙara a kan maganinsa na hawan jini. Tela, da yake ana fesa masa sai ya ciro hankici ya goge kai ya goge fuska ya goge kunne, tsakar kansa ko ƙwara ɗaya ba ta fito ba, amma kunnuwansa da gefen goshi suka yi gashi kamar an yi musu taki.

Alhamdulillahi duk sun warware, ban da kunnen Tela. Amma da iyalansu suka tsare su da tambaya, ba wanda ya iya buɗe baki ya ce, ni na roƙi maganin sanƙo. Hedimasta ya ce wa matarsa shi dai ya je aski, ya ji an fesa masa wani abu mai sanyi. Direba ya faɗa wa ɗansa haka. Matan suka haɗu suka gwada labari, sai ga Tela ma ya shigo layi. Kafin ka ce me, su ukun sun kai magana gaban ƙungiya: Mai Suma yana gwajin magani a kan jama'a.

Aka kira zama a shagon Shugaban ƙungiya, can ƙarshen layinmu. Na bi shi, aka ce mata ba sa shiga, na tsaya a bakin taga, da ma tagar ba ta da gilashi. Mutum ukun suna zaune a jere, kowa ya danna hula har gira. Shugaba ya gyara murya.

“Mai Suma, ka fesa musu maganin asibiti ko ba ka fesa ba?”

“Na fesa, ranka ya daɗe. Kuma kuskure ne.”

“Su suka nema, ko kai ka ga dama?”

Na ce a raina, yauwa, faɗa musu. Ya dubi abokan nasa. Hedimasta yana karanta silin, Direba yana karanta takalminsa. Sai mijina ya ce, “Abin da ya faru a kujerata, a kujerata yake tsayawa.”

Na leƙa ta taga na ce, “Ni na ji, ni na gani!” Shugaba ya ce shaidar mata a kan mijinta ba ta shiga, kuma a ja labule. Aka yanke cewa a rufe shagon sai zama na gaba, a nan za a duba ko a buɗe ko a cire shi daga ƙungiya gaba ɗaya. In aka cire shi, ba shi ba riƙe injin aski a unguwar nan. Washegari aka sa kwado. Ban ce komai ba game da yadda bencin Shugaba ya cika tun daga ranar, ido dai kowa yana da shi.

A gida na sauke masa kwandon faɗa.

“Sun tsoma ka a rami kana rufa musu asiri?”

“Maman yara, in na faɗi na mutum uku yau, gobe wa zai cire hula a gabana?”

“Gobe a wane shagon?”

Sai ya ce shayin ya huce.

Na ja shi muka koma wurin likita. Ta wanke shi tas, cikin ladabi, har ya riƙa cewa “Na tuba, 'yata.” Ta ce da Direba ya faɗi a hanya fa? Ta ce kan Tela kuwa ko da tiyo aka yi masa ban-ruwa ba abin da zai fito, saiwar ta daɗe da mutuwa, da ya zo da ta gaya masa a kyauta. Ta sake rubuta takarda. Yanzu kwalbar tana cikin durowata, ni nake fesa masa safe da yamma, in daki kafaɗarsa in ce, “Tashi, angon bana.” Tsiron ya fara dawowa.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya aske yaranmu maza har sun fara ɓuya in sun ji ƙarar inji. Ya daidaita gashin burushin wanke takalmi. Ya tsaya yana kallon kan mai kawo mana ruwa yana girgiza kai, yana cewa, “Wa ya yi maka wannan gyaran fuskar? Allah ya isa.” Rannan Direba ya wuce ta ƙofar gida da sauri, an yi masa aski a wani wuri an zabtare kwarin ƙeyar nan tasa, mijina ya dafe ƙirji kamar shi aka yanka.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na shekaranjiya. Ina wanki a bayan gida na ji ana sallama ƙasa-ƙasa. Na leƙo, sai ga Tela, ya naɗe kai da mayafi kamar mai ciwon haƙori. Wai kunnen ne, ba wanda ya iya gyara masa, kuma yana jin kunyar nuna wa wani. Ina tsaye da kumfa a hannu, mijina ya jawo kujerar roba, ya yafa masa tawul, ya ɗauko ƙaramin almakashi.

Na ce, “Baban yara! Mutumin da ya sa aka rufe maka shago?”

Ya ce, “Kunnen bai yi mini laifi ba.”

Ya gyara shi tsaf, ya shafa hoda. Tela ya tashi yana share ido yana cewa, “Matarmu, a yi haƙuri, sharrin shaiɗan ne.” Na ce shaiɗan ba shi da sanƙo, kuma ba shi ya tare ni da tef a wuya ba.

Mijina ya yi kuskure, ya amsa a gaban kowa, likita ta yi masa faɗa, ni ma na yi, kuma nawa ya fi nata tsawo. Saura ku.

Tela, Direba, Hedimasta, zama na gaba yana nan tafe. Ku je ku tsaya a gaban ƙungiya, ku cire hulunanku, kowa ya faɗa da bakinsa cewa shi ya roƙa. Ku koma gida ku gaya wa matanku haka. Wanda yake son gashi a cikinku ya je asibiti a auna shi a rubuta masa nasa, likitar ba ta cizo. Kai kuma Shugaba, in sun faɗa, ranar nake so ka zo da makulli da hannunka ka cire kwadon nan, a gaban mutanen da suka ga an sa shi. In kuma ba su faɗa ba, ka buɗe mini ƙofa in shiga in faɗa, don wannan karon ba zan tsaya a taga ba.